Gindin Katangar Kezia

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 4:20 na yamma

Yau aka cire shingen kwanon da ya kewaye aikin. Daga makaranta na wuce lambun kai tsaye, ko abinci ban ci ba.

Bari in rubuta yadda aka faro, don na san halina na mantuwa. Shekara tara ke nan ina koyar da zane a makarantarmu ta Ain Khaled, nan Doha, ƙasar Qatar. Kezia ɗalibata ce tun tana 'yar shekara goma sha uku, 'yar Kaneng, nas ɗin nan 'yar Jos. A farkon bana kamfanin da ke kula da lambun shaƙatawa na Mesaimeer ya nemi matasa masu fasaha su kawo shawarar abin da za a kafa a cikin lambun. Sharaɗinsu shi ne a ƙirƙiri abin domin wurin, ba a ɗauko shi daga wani waje a dasa ba. Kuma kowane matashi sai ya zo da babban da zai tsaya masa, ya sa hannu a takardu. Ni na tsaya wa Kezia. Ni ma na matsa mata ta shiga.

Mako biyu yarinyar nan ta yi tana zama a lambun, tana kallon inda masu renon yara da leburori ke raɓewa idan rana ta karkata. Sai ta zana katangar ƙasa mai lanƙwasa, kamar rabin zaure marar rufi, da dakali a cikinta, yadda daga la'asar inuwa za ta sauka a kan dakalin. Kwamiti ya zaɓi nata cikin mutum talatin da ɗaya.

Magini ne ya yi mana wuya, sai Allah ya haɗa mu da Malam Dikko. Direba ne a gidan wani Balarabe, amma ɗan gidan magina ne a Zariya. Kafil ɗinsa, wato maigidan da takardar zamansa ke hannunsa, ya sa hannu ya ba mu aron sa kullum da yamma. Shi ya kwaɓa, shi ya yi tubali, shi ya ɗora, shi ya yaɓe.

Da aka janye kwanon ƙarshe ya ce wa Kezia, wadda yake tsokana da Injiniya, "Injiniya, zo ki zauna ki ji dakalin, kar gobe ki ce Baba ya cuce ki."

Kezia ta ce, "Baba, taku bakwai na ce, ka yi bakwai da rabi."

"Ƙafarki ce ƙarama, 'yata."

Wasu mata biyu 'yan Filifin suka zo da keken jarirai suka zauna, ba wanda ya gayyace su. Kezia ta juya baya don kar mu ga fuskarta. Na gani.

Ranar 30 injiniyan kamfanin zai zo dubawa. Ranar 6 ga Nuwamba za a buɗe. Alhamdulillah.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

Wani fari-fari ya fito a gindin katangar ta ɓangaren ciyawa, tsayin kamu ɗaya. Malam Dikko ya kankara da farce ya ɗanɗana. Ya ce gishiri ne. Ya daɗe a tsugune.

Na ce ƙila raɓa ce. Ya ce, "Ƙila."

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Takardun jarrabawar 'yan aji tara, guda tamanin da huɗu. Ban je lambu ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Yaɓen ya zube a wuri biyu, kuma akwai tsaga siririya da ta tashi daga ƙasa har kusan ƙugu. Idan ka danna gindin da yatsa, sai ya lotsa kamar tuwon da ya kwana.

Madam ta zo. Ita ce shugabar kwamitin, 'yar Labanon, mace mai kirki amma mai son komai a rubuce. Ta ɗauki hotuna da yawa, ta tambayi Kezia da Turanci ko an taɓa gwada irin wannan ginin. Kezia ta ce garuruwa aka gina da shi. Madam ta ce, "To me ya sami wannan?"



Bayan ta tafi Malam Dikko ya zauna a dakalin yana jujjuya hannuwansa. Ya ce, "Malama, shekara goma sha huɗu ina riƙe da sitiyari. Ƙila hannun ya manta. Babana kwana bakwai yake barin kwaɓi ya kwanta kafin ya taɓa shi, ni biyar na bar shi. Gaggawa ta ja ni."

Na ce ba hannunsa ba ne. Da zuciya ɗaya na faɗa, don a lokacin ban san komai ba. Ina so in tuna da wannan.

Muna fita, Uwais mai gadin ƙofar gabas, Basakkwace, ya tare ni. Ya ce, "Hajiya, in da hali ki zo da asuba ki gani da idonki. Ni bakin nan nawa ba a ɗauke shi aikin magana ba."

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na safe, a cikin mota

Na je bayan sallah. Lambun shiru, sai tsuntsaye. Ƙarfe biyar daidai na ji wani cii a cikin ciyawa, sai ga 'yan kawunan famfo baƙaƙe suna ɓullowa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, suna juyawa suna feshi. Uku daga ciki katangar suke duka. Minti ashirin suna yi, sannan suka koma ƙasa kamar ba a yi ba.

Uwais ya ce kullum haka ne. Lokacin da shinge ke nan an kashe na ɓangaren, da aka cire shinge aka mayar. Kafin mu zo da yamma rana ta busar da saman, ruwan yana ciki.

Na tsaya takalmina ya jiƙe sharkaf. Wata biyu muna cewa ai Doha ba a ruwa. Malam Dikko ya tambaye ni tun farko ko a yi tushen dutse, a kuma nemo makuba daga gida a shafe ginin don ta hana ruwa shiga. Na ce masa lokaci ya ƙure, kuma wane ruwa muke tsoro a nan? Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya yi dariya, ya ce gaskiya ne. Dukanmu sama muka kalla. Mu ruwa daga can muka san yana zuwa.

Lahadi ɗin dai, ƙarfe 3:15 na yamma

Na buɗe fayil ɗin takardun da na sa wa hannu a watan Yuni. Shafi na huɗu, tambaya ta tara, a kan layin ban-ruwa: ko aikin na buƙatar a kawar da shi. Gida biyu ne, e da a'a. Alamar birona tana nan a gidan a'a.

Akwai taswira da suka haɗo a imel ɗin. Yau ne na fara buɗe ta.

Na rufe fayil ɗin na sa shi ƙarƙashin littattafan 'yan aji bakwai.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Na sayi leda mai kauri, mita goma sha biyu, irin wadda masu fenti ke shimfiɗawa. Na rufe gindin katangar kafin biyar, na danne da duwatsu, na jira famfunan suka gama, na naɗe, na sa a but ɗin mota. Uwais ya riƙe mini gefe ɗaya.

Na sami shugaban masu kula da ciyawa, wani ɗan Nepal. Na roƙe shi ya kashe kawuna ukun nan. Ya ce ba da hannu ake kashewa ba, kwamfuta ce a ofis. Sai wanda ya sa hannu a takardar wurin ya rubuto, ya bi ta kwamiti.

Wanda ya sa hannu.

Zan rubuta. Bari dai katangar ta ɗan bushe tukuna, yadda idan na faɗa zan faɗa da abin nunawa a hannu.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 1:50 na rana

Leda da asuba, aji shida a jere. Na kira wata yarinya da sunan yayarta har sau biyu, 'yan aji suka yi ta dariya. Na yi tare da su.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Malam Dikko ya sake yaɓe wuraren da suka zube. Tun ƙarfe biyu yake can, a rana. Ya ce ya ga ginin ya fara shan iska, ƙila Allah ya dube mu. Kezia ta kawo masa shayin karak a kofin takarda, ya ce, "Wannan ai madara ce ta yi ɓatan kai, ina shayin?" Ta ce, "Baba, sha kawai, yalla, yi maza." Ya shanye tas.

Na buɗe baki sau ɗaya. Sai Kezia ta ce, "Malama, kin rame fa. Kina barci kuwa?" Na ce jarrabawa ce.

Abban Mufeeda, maigidana, shi ma ya tambaya ina nake zuwa da asuba da leda a mota. Na ce aikin Kezia ne. Ba ƙarya ba ce.

Gobe bayan injiniya ya tafi zan faɗa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Na nemi izini a makaranta na je. Injiniyan ya zo da tsakar rana, ɗan Masar, da wata 'yar na'ura da yake dannawa a jikin gini. Ya zagaya sau biyu. Ya tsuguna ya taɓa ƙasar da ke gindin katangar, ya murza a yatsunsa. A bushe take ƙayau. Kwana huɗu ina hana ruwa taɓa wurin.

Ya ce wa Madam babu alamar ruwa daga waje. Don haka laimar da ke ciki tun daga gini take: an ɗora tubali bai bushe ba, ko an yi kwaɓin ba daidai ba. Ya ce tsagar ta shiga ciki, ba za a bar yara su zauna a ƙarƙashinta ba. Ya tambaya wa ya gina, kuma yana da takardar shaidar gini?

Ni ce tafinta. Da bakina na juya wa Malam Dikko maganar zuwa Hausa, kalma bayan kalma.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ki ce masa ba ni da takarda. Ki ce masa ni na gina."

Na faɗa masa.

Madam ta ce za a rubuta rahoto, kwamiti zai zauna ranar Talata ya amince da shi. Tunda kafil ɗin Malam Dikko ne ya sa hannun ba da aron sa, shi ma za a aika masa. An fasa buɗewa. Aka zagaye katangar da jan zare.

Ledar da na sa don in ceci ginin, ita ta ɓoye wa injiniya abin da ya kamata ya gani. Na rubuta wannan, na daɗe ina kallon sa.

Ban faɗa ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2:20 na rana

Kaneng da Kezia sun biyo gidana daga coci, da yake a nan ranar Juma'a suke zuwa. Kaneng ta kawo mini gwate a kula, har da yakuwa, ban san inda ta samo ba.

Ta ce, "Malama, ki ci. Kin yi wa yarinyar nan abin da ni uwarta ban yi ba. In tsoho ya kasa, ai ba laifinki ba ne."

Kezia ta ce, "Mama, kar ki ce masa tsoho ya kasa."

"To me zan ce? Injiniya ya faɗa."

"Injiniya bai ga Baba yana taka ƙasar nan da ƙafa ba har tafinsa ya tsage."

Kaneng ta zuba mini a kwano ta miƙo. Na ci cokali uku. Yana da daɗi, abin da ya fi damuna ke nan.

Shekara tara ina gaya wa yara cewa idan layi ya karkace kar su goge a ɓoye, su kawo mu duba tare. Har a bangon ajina na manna.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 6:05 na safe

Na je da ledar. Ban san amfaninta ba yanzu, amma ƙafata ta saba.

Uwais bai riƙe mini gefe ba yau. Ya tsaya nesa da hannu a aljihu. Da famfunan suka koma ƙasa ya matso.

Ya ce jiya bayan masallaci sun haɗu da Malam Dikko a kasuwar Souq Waqif, inda 'yan gida ke zama shan shayi. Madam ta riga ta kira kafil ɗin a waya don ta sanar da shi. Mutumin ya ce an sa sunan gidansa a abin kunya, kuma direban da ke ƙaryar sana'a ba a san me kuma zai yi ƙarya a kai ba. A watan Disamba takardar aikin Malam Dikko ke ƙarewa. Ya ce masa zai duba, in rahoto ya iso.

"Shekararsa hamsin da takwas, Hajiya. Wa zai ɗauke shi?"

Na ce ina ƙoƙari.

Ya ce, "Ni mai gadi ne, in na shiga ofis ba a kira ni ba, khalas, shi ke nan, an sallame ni. Shi ma ban gaya masa ba, don na ga kamar maganar a bakinki ta fi kyau. Amma jiya mutumin nan ya ce mini ya daina cewa shi ɗan magina ne. Na kasa shan shayina."

Asabar ɗin dai, ƙarfe 4:00 na yamma

Na rubuta wa Madam imel. Na goge. Na sake rubutawa, ya fito kamar laifin taswira ne da ba a yi ta da manyan haruffa ba. Na goge.

Abin da nake tsoro ba kwamiti ba ne. Yara goma sha ɗaya nake shirya wa shiga gasar kamfanin ta baɗi. Da kuma fuskar Kezia.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 12:40 na rana

Na gaji.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 5:30 na yamma

Ban kai leda ba yau. Na bar ruwan ya yi aikinsa, na tsaya na ɗauka a waya, minti ashirin cif, da agogo a gefen hoton.

Da yamma Malam Dikko ya kira ni. Ya ce gobe ba zai sami zuwa zaman kwamiti ba, zai kai yaran gida makaranta ya ɗauko su, kuma an hana shi fitar yamma. Ya ce, "Malama, ki roƙa mini su abu ɗaya. Su cire sunan yarinyar nan daga ciki. Zanenta ba shi da aibu. Su rubuta nawa ni kaɗai."

Na ce to.

Ya ce, "Kin yi shiru. Ko layin ne?"

Na ce layin ne.

Na ciro fayil ɗin daga ƙarƙashin littattafan. Yana cikin jakata yanzu.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 3:50 na yamma

An yi.

Mutum biyar ne a teburin, da Kezia a gefena. Madam ta fara karanta rahoton, ta kai inda aka ce ƙarancin ƙwarewar magini. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji. Na ajiye wayar a tsakiyar tebur na kunna. Sannan na ajiye shafi na huɗu. Sannan na faɗi maganar leda, don in ban faɗe ta ba injiniyan ne zai zama maƙaryaci.

Na yi mamaki. Muryar da nake koyarwa da ita ce ta fito.

Injiniyan ya kalli hoton sau biyu, ya ce wani abu da Larabci, ya cire tabarau. Madam ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar 26. Ta ƙirga da yatsu a gaban kowa, ta ce, "Kwana tara." Ba ta ɗaga murya ba.

Za a sake rahoton. Katangar dai sai an sauke ta, tsagar ta riga ta yi nisa. An cire ni daga masu tsaya wa matasa, bana da baɗi. Game da Kezia, sun ce akwai wani fili mai tsakuwa a bayan wurin wasan yara, babu famfo, za su duba ko za a sake ginawa a can idan ta sami wani ya tsaya mata. Ba su yi alkawari ba.

A wajen ajiye motoci Kezia ta ce, "Malama, ranar da Mama ta kawo miki gwate, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta gyaɗa kai. Ta ce za ta hau jirgin ƙasa na metro. Motata na nan a gabanta.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe 1:30 na rana

Na kira Malam Dikko a lokacin hutun tsakar rana. Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Ina jin ƙarar titi a bayansa. Sannan ya ce, "Ruwa ne?"

Na ce ruwa ne.

"Daga ƙasa."

"Daga ƙasa, Malam."

"Ba kwaɓin ba."

"Ba kwaɓin ba."

Na ji ya sauke numfashi. Na ɗauka zai ce ba komai, don haka mutanenmu ke cewa, kuma ina jin na kira ne don in ji an ce mini hakan. Bai ce ba.

Ya ce, "Malama Zalihatu, mantuwar takarda kowa na yi. Ni ma sama na kalla. Amma kin zauna kusa da ni ina zagin hannuna, ina tuhumar abin da ubana ya koya mini. Kin juya mini maganar Bamisiren nan da bakinki. Wannan fa?"



Ya ce yaran gidan sun fito daga makaranta, sai an jima.

Na koma aji. Muna kan darasin inuwa da haske. Na koyar da shi yadda na saba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 5:00 na yamma

Yau ce da za a buɗe. Na gaya wa yarana goma sha ɗaya cewa wani malami zai tsaya musu baɗi, na kuma gaya musu dalili. Wata ta tambaya ko za a kore ni daga makaranta. Na ce a'a. Wani ya ce to ai da sauƙi. Yara.

Na gaya wa Abban Mufeeda shi ma. Ya ce da na faɗa masa tun ranar farko, da ya raka ni ofishin. Na san da ya raka ni. Shi ya sa ban faɗa ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 11:00 na safe

Sabon rahoto ya iso ta imel. Na buga kwafi biyu. Na yi barci bayan asuba, karo na farko cikin kwana goma sha biyu, na tashi jikina ya fi ciwo.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 6:20 na yamma

Kamfanin ya so ya turo motar rusau. Malam Dikko ya aika ta bakin Kezia cewa a bar shi ya sauke da hannu, don tubalin sama lafiyarsu ƙalau, na ƙasan ma in an farfasa an jiƙa za su sake kwaɓuwa. Madam ta yarda, ta kuma kira kafil ɗin da kanta, ya sake shi na yini ɗaya.

Ba wanda ya ce in zo. Na je ƙarfe bakwai da takardar.

Na tarar sun fara. Yana kan tsani yana ɓamɓaro tubali ɗaya-ɗaya, Kezia na karɓa, Uwais da ya tashi daga aiki yana jerawa a kan katako. Na yi sallama. Uwais ne kawai ya amsa da ƙarfi.

Na miƙa wa Malam Dikko rahoton. Ya sauko, ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya juya shi gaba da baya. Da Turanci yake, da Larabci a ɗaya gefen. Ya mayar mini.

"Ke ce tafinta. Karanta mini inda aka faɗi mai laifi."

Na karanta da Hausa, a gaban su biyun. Cewa lalacewar ta samo asali ne daga ruwan feshi, sakamakon bayanin kuskure da mai tsaya wa aikin, Zalihatu, ta bayar, da kuma jinkirinta wajen sanarwa. Cewa ba a sami aibu a aikin magini ba.

Ya ce, "Sake na ƙarshen."

Na sake.

Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya danna maɓalli. Ya ce yau da daddare zai ajiye ta a gaban maigidansa, ta ɓangaren Larabcin. Ko mutumin zai sabunta masa ko ba zai sabunta ba, wannan na Allah ne, amma zai karanta.

Ya hau tsaninsa. Na tsaya a wurin da jaka a kafaɗa, ban san ko in tafi ba. Sai da ya ɓamɓaro guda uku sannan ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"Malama, in kallo kika zo, ga benci can. In aiki ne, akwai gurbi tsakanin Injiniya da Basakkwacen nan, yana ta fasa mini tubali."

Uwais ya ce, "Guda ɗaya fa, Baba!"

Na ajiye jakar na shiga layi. Tubali yana da nauyi fiye da yadda yake a ido. Wata biyu ina yaba shi, ban taɓa ɗaga ko ɗaya ba.

Mun sauke ɗari biyu da wani abu kafin azahar. Bayana kamar zai tsinke, hannuna duk ya yi ja.

Kezia ba ta ce mini komai ba har muka tashi. Tana dai miƙo mini, ina karɓa, ina miƙawa gaba.